FILIN WASANNI: Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo

Kaka ta yi. An yanke hatsi, an ɗaure damma, rumbuna sun karɓi rabonsu. Masu gujiya da masu aya suna kan tono. Da dare, idan farin wata ya fito, sai ganga ta tashi. Ana jin ta daga Agye har Caduwa, daga Gazawa har Gangara. Can yamma kuma, ƙasar Gidan Runji, ana jin ta a Tibiri da Cadakori da Saye Sabuwa. Kowa ya san abin da gangar take kira. Lokacin kokowa ya zo.

Duk saurayin da ya ɗaura walki ya shiga fili, abu guda ne cikin ransa: wata rana ya riƙe takobi. Wannan ba laifi ba ne. Amma akwai tambayar da ganga ba ta yi wa kowa. Kokowa shekara nawa take ciyar da mutum? In ƙarfi ya tafi, ina ɗan kokowa zai koma? Maganar wannan wata ke nan.

TAKOBIN FARKO

Kokowa ta girmi gwamnati, ta girmi zuwan Turawa. Tun kaka da kakanni, in an gama aikin gona, samarin wannan gari sukan tafi wancan gari a gwada ƙarfi. Wanda ya yi kaye ya sami goro, ya sami guɗa, ya sami suna. Gari ya waye, kowa ya koma sussuka da gyaran rumbu.

Bayan babban farin 1973 da 1974, sojoji suka karɓi mulki ran 15 ga watan Afrilu 1974, Seyni Kunce ya zama shugaban ƙasa. Gwamnatinsa ta tayar da samariya, ta kuma ɗauki kokowa ta mai da ita wasan ƙasa duka. A shekarar 1975 aka yi gasar farko a Tawa. Jahohi 7 ne a ƙasar a lokacin. Aka yi ta karawa, aka yi ta faɗuwa, har ya rage mutum ɗaya tsaye. Mutumin nan ɗan jahar Maraɗi ne: Yakuba Ango, wanda duniya ta sani da sunan Kantu. Shi ne ya fara riƙe takobin Nijar.

To, amma gaba da gabanta. Shekarar da ta biyo, 1976, Salma Ɗan Rani na Doso ya ɗauke takobin. A 1977 Kadade na Tawa ya ɗauka. Kantu bai yi fushi ya aje walki ba. Ya koma ya yi shiri, a 1978 ya sake ɗaukowa Maraɗi takobi. Bayansa jahar ta ƙara samun sarakunan kokowa, kamar Labo Mai Ƙaho da Umaru Bindigau. Damagaram ta yi Langa-Langa da Balla Haruna. Doso ta yi Isaka Isaka, wanda ya ɗauki takobi har sau 6, na shidan a Agadas a ƙarshen watan Disamba 2023.

Babban filin kokowa na birnin Maraɗi sunan Kantu aka sa masa. Na Doso sunan Salma Ɗan Rani. Na Damagaram sunan Langa-Langa. Yaron da ba a haifa ba a 1975 ya san Kantu, ko da bai taɓa ganin shi da ido ba. Wannan shi ne suna.

HANYAR ƊAN KOKOWA

Ba a fara kokowa a birni. A bakin kiwo ake fara ta. Yara sun kai awaki cikin gulbi, wajen da rairayi yake da laushi, ƙarƙashin goriba. Sai wannan ya kama wancan. Babu alƙali, babu ganga. Wanda aka kayar ya kaɗe ƙasa ya ce a sake.

Daga nan sai dandalin gari. Daga dandali sai garin maƙwabta. In yaro ya yi fice, manya su fara sa masa ido. Wani tsohon ɗan kokowa ya ja shi gefe, ya nuna masa yadda ake tsayuwa, yadda ake tsare ƙafa, yadda ake haƙuri har abokin karawa ya yi kuskure. Domin kokowa ba ƙarfi kaɗai ba ce. Sau da yawa ƙaramin mutum mai dabara ya kayar da ƙato.

Ƙarfin kuwa daga ina yake zuwa? Daga hauya. Daga ɗaukar damma a kai. Daga jan guga a rijiya mai zurfi, irin wadda makiyaya suke shayar da garke. Daga fura da nono da tuwon hatsi. Gona da kiwo su ne suka gina jikin ɗan kokowa tun kafin ya san yana da shi.

Sai zaɓe ya zo. A tace a ƙauyuka, a tace a gunduma, a tace a babban birnin jaha. Kowace jaha mutum 10 take aikawa gasar ƙasa. Jahohi 8 ne yau, watau ƴan kokowa 80. A yi kwanaki ana karawa, ana ware waɗanda ba su faɗi ba, har su rage biyu. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: mutum 80, takobi 1. Mutum 79 za su koma gida babu takobi. Bayan waɗannan 80 kuma akwai ɗaruruwa da suka faɗi tun a zaɓen gunduma, rediyo bai ko faɗi sunansu ba.

Wanda ya ci yana samun takobi da doki da kuɗi masu yawa. Sauran ma sukan sami ɗan abin da suka samu. Amma kokowa tana da baki, tana ci. Akwai malamin da ya yi addu'a. Akwai mai laya da guru. Akwai makaɗi da ya wasa mutum har tsikar jikinsa ta tashi, ba a barin shi hannu wofi. Akwai ƴan cali-cali masu ba da dariya. Akwai abokai da ƴan rakiya. Kuɗin da ya shigo da guɗa, da guɗa yake fita.

Ana nan ana nan, sai wata shekara gwiwa ta fara magana. Kafaɗar da ta taɓa gocewa ta riƙa tashi da sanyi. Baya ya riƙe. Sai ranar da kowane ɗan kokowa ya sani tana tafe: yaron da aka haifa a gabansa ya ɗaga shi ya kai ƙasa. Ganga ba ta tsayawa don wannan. Sunan wani kawai take kamawa.

WANI MANOMI A AMURKA

Wannan al'amari ba na ƙasar Hausa kaɗai ba ne. Ko'ina aka yi wasan ƙarfi, haka yake ƙarewa. Akwai labarin wani ɗan ƙauye, manomi, a ƙasar Amurka, wanda ya kamata samarin nan su ji. Shi ba kokowa ya yi ba. Wasansu sunansa besbol.

Ga yadda ake besbol. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum 9. Akwai ƙwallo ƙarama mai tauri, kamar ɗan goriba. Mutum ɗaya ya tsaya a tsakiyar fili ya jefa ta da iyakar ƙarfinsa. Mutumin ɗaya ƙungiyar yana tsaye da kulki, yana so ya buge ta ta yi nisa. In ya buge, sai ya ruga ya zagaya tashoshi 4 da aka shata a fili, kafin a tsinto ƙwallon. In ya kasa bugu sau 3, ya fita. Saboda haka majefi shi ne ginshiƙin ƙungiya. In hannunsa ya mutu, ƙungiya ta mutu.

Manomin nan sunansa Denton Yang. An haife shi ran 29 ga watan Maris 1867 a Gilmo, wani ɗan ƙaramin ƙauyen manoma cikin jahar Ohayo. Aji 6 ya yi a lakkwal, ya bari don ya taimaki ubansa aikin gona. In an tashi daga gona, sai ya yi wasa da samarin ƙauyuka, kamar yadda yaran nan suke kokowa a dandali.

A shekarar 1890, yana da shekara 23, ya tafi garin Kanton a gwada shi. An ce jifarsa ta farfasa katakon shingen filin, har mutane suka ce kamar guguwa ta bi ta wurin. Daga nan aka laƙaba masa Guguwa da harshensu, aka gajarta sunan ya zama Cy Young. Shekarar ba ta ƙare ba sai da babbar ƙungiyar birnin Kilibilan ta ɗauke shi. Ya yi wasansa na farko cikin manya ran 6 ga watan Agusta 1890, ya kuwa ci.

Don a gane daɗewar abin: a 1899, shekarar da sojojin Faransa suka ratso ƙasar Tasawa da wuta, Guguwa yana shekararsa ta 10 cikin manyan ƴan wasa. Kuma ko rabin hanya bai kai ba.

Jifa tana cin hannu kamar yadda kokowa take cin gwiwa. Majefa da yawa shekara kaɗan suke yi, kafaɗa ta lalace. A 1893 ma aka ƙara nisan da ke tsakanin majefi da mai kulki, ya zama mita 18 da ɗan ɗori. Wasu gwanaye suka kasa, suka bar wasan. Guguwa ya sake dabara ya ci gaba. A 1901 ya koma ƙungiyar birnin Boston. A 1903 yana cikin waɗanda suka ciyo mata babbar gasar Amurka, karon farko da aka yi ta. Ran 5 ga watan Mayu 1904, yana da shekara 37, ya yi abin mamaki: mutum 27 suka fito masa da kulki ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kai ko tashar farko.

Shekara 22 ya yi yana jifa cikin manya, daga 1890 har 1911. Ya ci wasa 511. Har yau babu majefin da ya kai wannan. Wanda yake bi masa, Walta Jonson, 417 ya ci. Amma a lura da wani abu: an cinye Guguwa fiye da sau 300, kuma nan ma babu majefin da ya kai shi. Wanda ya fi kowa ci shi ne ya fi kowa faɗuwa, don ya daɗe ƙwarai a fili. Kantu ma ya rasa takobi shekara biyu kafin ya sake riƙe shi.

Mene ne asirinsa? Ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Da lokacin wasa ya wuce, ba ya zama birni. Gona yake komawa. Ya yi ta saran itace da gatari, ya yi ta aikin dabbobi, duk tsawon sanyi. Lokacin da abokansa suke dawowa fili da jiki a mace, shi yana dawowa da ƙafa da baya masu ƙarfi. Kuma ba ya ɓarnar hannunsa. Kafin wasa jifa kaɗan yake yi don ɗumama jiki, sauran ya aje don lokacin da ake bukata.

Duk da haka ranar ta zo. Da ya haura shekara 40 jiki ya yi nauyi, tumbi ya fito. Hannu yana nan, amma sunkuyawa ta zama aiki. Yara masu kulki suka gane. Maimakon su buga da ƙarfi, sai su ɗan taɓa ƙwallon ta gangara kusa da shi, su ruga, shi kuwa kafin ya duƙa ya ɗauka sun isa. Yana da shekara 44 ya yi wasansa na ƙarshe.

BAYAN GANGA TA YI SHIRU

Guguwa bai tsaya yawon birni ana nuna shi ba. Ya koma gonarsa a Piyoli, wani ƙauye kusa da inda aka haife shi. Shi da matarsa suka zauna suna noma da kiwo wajen shekara 20. Mutumin da dubban mutane suke yi wa tafi ya koma riƙe gatari, bai ga ƙasƙanci a ciki ba.

Amma labarin bai ƙare da daɗi ba. Ɗiya ɗaya Allah ya ba su, ta rasu tana jaririya. A 1933 matar ta rasu. Ya ga babu mata, babu ɗa, ga tsufa. Sai ya sayar da gonar. A zamaninsa ba a biyan tsofaffin ƴan wasa kuɗin wata. Kuɗin gona ba ya haihuwa in ba a gona ba. Ƙarshe sai wasu abokan arziki suka karɓe shi gidansu, yana ɗan taya su aikace-aikace, har ya rasu ran 4 ga watan Nuwamba 1955, yana da shekara 88.

Tun 1937 an sa sunansa cikin gidan tarihin gwanayen besbol. Shekara guda bayan rasuwarsa, a 1956, aka fara ba da wata kyauta da sunansa ga majefin da ya fi kowa a shekara. Har yau ana ba da ita. Kamar dai filin Kantu a Maraɗi. Suna ya tabbata. Amma suna ba ya cika rumbu. Gona ce ta ba shi ƙarfin wasa, gona ce ta karɓe shi da wasa ya ƙare, kuma da gonar ta fita hannunsa, a gidan wasu ya ƙare kwanansa.

A lura da lissafin rayuwarsa. Shekara 22 yana wasa cikin manya. Shekara 44 ya rayu bayan ya bari. Kwanan bayan wasa ya ninka kwanan wasa. Shi ke nan wanda ya daɗe ƙwarai a fili. Ina ga wanda gwiwa ta tsayar tun yana ɗan shekara 30?

ABIN DA YA SHAFI ƘASAR NAN

A ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Runji mutane sun yi yawa, gonaki sun yi kaɗan. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne suke rabon ta kunya-kunya. Babu sauran dajin da za a sassabe. Wanda ya sayar da gona ba lalle ya sake samun wata ba. Wanda ya ba da jingina, sau da yawa shekara ta zagayo bai iya fansa ba, wata ta zagayo, har gonar ta bi mai kuɗi.

Saboda haka saurayin da ya ce zai jinginar da gadonsa don ya biya mai laya, ko don ya zauna birni kusa da manyan ƴan kokowa, ya tsaya ya yi tunani. Takobi na mutum ɗaya ne cikin 80. Tsufa kuwa na kowa ne.

A garuruwan nan ana ganin tsofaffin ƴan kokowa iri biyu. Akwai wanda ya yi zamaninsa, abin da ya samu ya sayi tunkiya, tunkiya ta zama sa, sa ya zama amalanke. Bai taɓa barin damana ta wuce shi ba. Yau in ana kokowa shi ake shimfiɗa wa tabarma a gaba. Shi yake raba gardama, shi yake koya wa yara. Da tsohuwar zuma ake magani. Akwai kuma wanda ya ci nasa tun da rana. Yau sai labari: ni ne na kayar da wane, ni ne na kayar da wane. A saurare shi, a yi dariya, a miƙa masa dala ashirin ya sayi goro. Dukansu biyu sun yi ƙarfi. Abin da ya raba su shi ne gona.

Ga shawara ga samari masu walki:

1. Kokowa ta kaka ce da rani. Damana ta gona ce. Kada ganga ta hana shuka, kada ta hana noman farko.

2. Kada a sayar da gona ko a ba da ita jingina saboda kokowa, ko wane ne ya yi alkawarin nasara.

3. Duk kyautar da aka samu a fili, a raba ta tun kafin a isa gida. A ba makaɗi nasa, a ba iyaye nasu, amma a ware wani abu a sayi dabba. Akuya tana haihuwa, guɗa ba ta haihuwa.

4. A nisanci ƙwayoyi irin su tiramol. Suna ɓoye ciwo, ba su warkar da shi. Mutum ya ci gaba da kokowa kan gwiwar da ta lalace, har ta ƙi ɗaukar shi zuwa gona.

5. In an goce ko an karye, a nemi magani da wuri, a huta har a warke. Gasar bana in ta wuce, ta baɗi tana tafe. Ƙafa kuwa biyu ce tak.

6. In lokacin aje walki ya yi, a aje shi da hannun kai, kada a jira yaro ya kwance wa mutum shi a gaban jama'a.

Su ma iyaye da masu gari da shugabannin samari suna da nasu. Yaron da ya ɗauko wa gari suna, kada a bar shi da guɗa kaɗai. In ya tafi gasa ana kan sussuka, a yi masa gayya. In ya ji rauni, a kai shi likita. In ya zo da maganar sayar da gona, a zaunar da shi a faɗa masa gaskiya. Tsofaffin da suka yi kokowa jiya kuma, a riƙa tuna su tun suna da rai, ba sai sun rasu a sa sunansu a bango ba.

Babu mai cewa a bar kokowa. Ita take haɗa garin da ya yi faɗa da maƙwabcinsa. Ita ta sa aka san Maraɗi a Difa da Agadas. Kuma wa ya sani, ko yaron da zai sake kawo takobi jahar nan yanzu haka yana bakin gulbi da awakinsa, a ƙasar Gazawa ko ta Tibiri. A bar shi ya yi kokowa. A dai riƙa nuna masa iyakar gonar ubansa.

Hausawa sun ce kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Guguwa ya yi jifa shekara 22, ya faɗo ƙasa. Kowane ɗan kokowa ma zai faɗo. Mai hankali shi ne wanda ya tabbatar cewa ƙasar da zai faɗo a kai tasa ce.

Allah ya ba da kaka mai albarka, ya sa a yi wasa lafiya a tashi lafiya.